Batirin babur ɗina ya daina riƙe caji

Tambaya: Malam, babur mai lantarki na saya a Sakkwato. Yanzu batirin ba ya kai ni Kebbe daga Tambuwal, dillali kuma kullum "gobe". Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bari makanikin bakin tasha ya taɓa batirin nan. Da ya kwance noti ɗaya, kamfani ya sami hujjar soke garanti. Zafin bazara yana cin batir, don haka bar shi ya huce a inuwa kafin caji. Ɗauko rasit, rubuta wa dillalin ƙorafi ko a WhatsApp ne, ka adana. In ya ci gaba da yi maka yawo da hankali, kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Dokar 2018 da ta kafa hukumar ta ba mai saye damar neman gyara, canji ko kuɗinsa.