Amsoshin Tambayoyinku: Gilashin da Ya Fashe Ya Koma Sabo

Wani mai sauraronmu daga Ajingi, jihar Kano, ya ce a gidan kallo suka yi gardama kan fim ɗin Terminator 2: gilashin wata babbar mota ya faɗo lokacin da ta dira cikin magudanar ruwa, can kuma sai ga shi a maƙale. Shin idonsa ne?

To Malam, idonka ƙalau. Fim ɗin na 1991 ne, kuma ba a jere ake ɗaukar fim ba. Fitowa guda sai ta ci kwanaki, a sake ɗauka sau da yawa, a tace a haɗa. Shi ya sa ake ajiye mai kula da ci gaban shiri, kamar yadda kake gani a jerin sunayen finafinan Kannywood. Aikinsa ya rubuta wace hula jarumi ya sa, a wane hannu agogonsa yake. In ya yi gyangyaɗi, sai ka ga babbar riga ta canza launi tsakanin zaure da tsakar gida.

A Star Wars na 1977 ma akwai sojan da ya buga kansa da ƙofa, aka bar shi haka.

Amma ƙarar fashewar jirage a sararin samaniya da ake ji a irin wannan fim da gangan ake sa ta. Sauti sai da iska ko ruwa ko wani abin da zai bi, can kuwa babu. Daraktoci sun sani sarai, tsoronsu kada 'yan kallo su yi barci.