Filin Shawara: Ɗinkin ƙyallaye ya buɗe mini hanya, gida kuma ya fara ƙorafi

 Gwaggo, ni matar aure ce mai 'ya'ya, a Azuba nake zaune, nan bakin hanyar Lafia zuwa Akwanga. Sana'ata haɗa ƙyallaye. Nakan bi shagunan teloli a Shabu da cikin garin Lafia in kwaso ragowar atamfa da shadda, in yanka, in jera launi kusa da launi, in sa auduga a tsakiya da shafi a baya, in bi da allura har ya zama zanin gado ko abin ratayawa a bango. Da farko dariya ake yi mini, wai mai tsince-tsince. Yanzu Allah ya sa albarka, 'yan mata na zuwa koyo a tsakar gidana, ƙungiyoyin mata ma suna kirana in koyar, yau Keffi, gobe Jos.

Ga inda gizo ke saƙa. Na taɓa zuwa wani baje koli, na biya kuɗin rumfa da na mota da na masauki, na dawo da kayana kusan duka. Mutane sai su shafa, su yaba, su ɗauki hoto, su wuce. Tun daga ranar surukata ta samu abin faɗa, wai mace da yawo ba riba. Maigida bai hana ni ba, amma fuskarsa ta canja. Wata yarinya da na koya wa kuma ta kwafi zanena tana sayarwa da araha. Yanzu an sake gayyata ta wani baje koli a Abuja. Ni kuwa rabon da in zauna in gama sabon aiki nawa na kaina, har na manta. In je ko in haƙura?

Mai allura, Azuba.

 Maganar da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki ita ta fi damuna, fiye da ta suruka da ta yarinyar. Kin ce kin manta rabon da ki gama sabon aiki. To ai mutanen Keffi da Jos ba don iya zance suke kiranki ba, abin da hannunki ya yi suka gani. Wannan ciwo ne da ke kama masu aikin hannu da zarar sunansu ya fara fita: koyarwa ta cinye safiya, mota ta cinye yamma, sai a wayi gari tsofaffin kaya ake ta zagayawa da su wuri-wuri. Wanda ya ga zanin gado ɗaya a rumfarki bara, ya sake ganinsa bana, ba zai tsaya ba. Don haka kafin komai ki ware ranakun da babu ɗaliba, babu tafiya, ke da allurarki kawai, ki sanar da kowa, ki kuma riƙe su da gaske.

Masu ce miki mai tsince-tsince kuwa ba su san tarihin gidansu ba. Abin da kike yi, wato a sa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki, shi ne aikin lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga 'yan lifida, doki da mahayinsa a lulluɓe da yadi mai kauri, ja da rawaya da kore a harhaɗe. Maza sun yi shi don kare kibiya, ke kina yin sa don ƙawata ɗaki. A Amurka ma akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, inda mata baƙaƙen fata ke ɗinka mayafai da tsofaffin wanduna da riguna saboda talauci da sanyi. A 2002 aka rataye mayafan nan a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na gidan waya.

Batun mace da tafiya, ki ciro naira ashirin ki juya bayanta. Matar da ke gina tukunya a jiki Ladi Kwali ce. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, sana'ar ta kai ta Ingila da Jamus da Amurka tana nuna yadda ake yi, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ga Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ta jihar Kogi, da ta buɗe cibiyar koyar da rini da ɗinki a Osogbo a 1983, tana koyarwa kyauta, yau tana da ɗakunan nuna kaya a Legas da Abuja. Misalin da ya fi kusa da ke shi ne na matan birnin Zariya masu surfani, da suka haɗu a 1994 da sunan Sarauniya Amina. Da yawansu a cikin gida suke aikinsu, amma kayansu sun kai har kasuwar masu aikin hannu ta duniya da ke Santa Fe a Amurka. Ki lura da dabararsu: ba kowace ce ke tafiya ba, wakiliya ke ɗaukar kayan jama'a.

Asarar da kika yi kuwa, ina ganin kin je baje koli ne da tunanin kasuwar ƙauye, inda ake kasawa da safe a kwashe kuɗi da la'asar. Babban zanin gado na hannu, wanda ya ci makonni, ba a cika sayen sa a tsaye ba. Mai so zai shafa, ya juya bayan ya duba ko ɗinkin ya jeru, ya karɓi lamba, ya kira bayan wata guda. Shin kin ba su lamba? Kin rubuta tasu? Ki tafi da ƙananan kaya masu yawa, rigar filo, jakar hannu, shimfiɗar tebur, su ne ke biyan kuɗin rumfa. Manyan ki kai kaɗan, mafi kyau, ki rataye su sama inda za a hango daga nesa. A kusurwar bayan kowanne ki ɗinka sunanki da Azuba da shekarar da kika gama. Ki wanke ƙyallayen kafin ki yanka, domin wata atamfar tana zuba, kuma jan launi ɗaya da ya malala kan fari ya isa ya kashe miki ciniki da suna. Ki kuma tuna Lafia gari ne mai zafi. Mai kaurin auduga na mutanen Jos ne, namu nan sai mara nauyi ko na bango.

Kafin ki amsa gayyatar Abuja, ki tambayi masu shiryawa kai tsaye: wa zai biya rumfa, wa zai biya masauki, kwana nawa ne, su wa suka zo bara? Ki rubuta kuɗin mota har da na kaya, ki haɗa da ranakun da ɗinki zai tsaya. In lissafin ya nuna ko ba ki sayar da babba ko ɗaya ba ƙananan za su mayar da kuɗin, ki je. In bai nuna ba, ki nemi wata mai sana'a ku raba rumfa. Wuraren baje kolin suna da yawa, akwai wanda Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa kan shirya a Abuja, akwai kasuwar baje koli ta Kaduna, akwai SAFEM na mata masu aikin hannu a Yamai. Ba dole ba ne ki je duka, biyu masu kyau a shekara sun wadatar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan takardar lissafin ita za ki ajiye gaban maigida, ku biyu, bayan yara sun kwanta. Mutumin da bai hana ki ba alhali ana zuga shi, ya cancanci ya ji komai daga bakinki: inda za ki sauka, da wa za ki tafi, wa zai kula da yara, yaushe za ki dawo. Ki nemi izininsa da shawararsa da gaske, in hali ya yi ma ya raka ki ko yini ɗaya ne, ya ga baƙi suna layi gaban aikin matarsa. Hajiya surukarki kuwa kada ki mayar mata da magana ko sau ɗaya. Ki ɗinka mata shimfiɗa mai kyau, ki sa ƙyallen tsohon zaninta a ciki in za ta ba ki. Ƙawayenta za su tambaya, ita da kanta za ta ce surukarta ce ta yi.

Yarinyar da ta kwafi zanenki, ki kira ta ki yi mata faɗa irin na uwa kan karya farashi, domin kanta take cuta. Amma kada ki daina koyarwa saboda ita. Tsohon zane ta ɗauka, sabon yana kanki, shi ya sa na ce ki koma ki zauna. Shawarata ita ce ki je Abuja, da yardar mijinki, da sabon aiki aƙalla guda a jakarki.

Ga wata wasiƙar kuma: Gwaggo, ni ma ɗinkin hannu nake yi. An turo mini saƙo a WhatsApp wai an zaɓe ni zuwa baje koli a ƙasar waje, in tura kuɗin fom da na biza cikin kwana uku. In tura?

Wata 'yarki, Lafia.

Kada ki tura ko sisi, 'yata. Wa ya ga aikinki har ya zaɓe ki, alhali ba ki nema ba? Masu shirya irin wannan taro na gaskiya suna da ofis da shafin intanet, sukan nemi hotunan kaya tun da watanni, kuɗin biza kuma ba a asusun wani mutum ake zuba shi ba. Gaggawar kwana ukun nan ita ce alamar ɗan damfara. Ki nuna saƙon ga wani naki da ya san kan intanet, sannan ki gargaɗi sauran matan da kuke sana'a tare, don da wuya a ce ke kaɗai aka tura wa.