Amsar Tambaya: Yaya mai doguwar tafiya a keke yake yini?

Mai tafiya shi kaɗai a keke, kamar daga Kano zuwa Damagaram ta Kazaure da Daura, rana ce ke tsara masa lokaci. Ana idar da sallar Asuba yake ɗaure kaya ya hau, domin tafiyar sanyin safiya ita ce ribar yini. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka da hantsi ya dubi ludayi sai ya nemi inuwar darbejiya ya zauna har La'asar. Hunturu ya fi sauƙi, sai dai iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa, mai nufar Daura kuwa gaba da gaba yake yi da ita.

Ruwa ne babbar damuwa. Ba a wuce rijiyar burtsatse ba a cika jarka ba, ko da akwai saura. Abinci ba ya wuya: koko da ƙosai da safe, fura da nono da rana, dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu.

Ƙayar aduwa ita ke cin lokaci in an sauka daga kwalta, shi ya sa faci da sholisho da famfo ba sa barin jaka.

Kafin Magariba ake shiga ƙauye, a gaida mai gari, shi zai nuna zauren da baƙo zai kwana. Wannan ya fi kwanan daji aminci nesa ba kusa ba. Tafiyar dare ba a yin ta sam. Direbobin tasha ake tambaya halin da hanya ke ciki, a iyakar Kongolam kuma takardun shaida za a nema.