Wasiƙa Zuwa ga 'Ya'yan Ƙasar Yauri Masu Shiga Fagen Bincike

Ya ku 'ya'yana,

Labari ya iso mini cewa da dama daga cikinku, na Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, kun sami gurbi a jami'o'in Sakkwato da Zariya domin neman digiri na biyu a fannin tarihi ko harshe ko adabi, kuma wasunku sun ɗauki darasin hanyoyin bincike tamkar shingen da za a tsallake a wuce, har ɗalibi yakan kwafo babin hanyoyin binciken daga kundin wanda ya gabace shi, ya sauya sunan gari kawai. To, ku sani wannan ilmi ba baƙo ba ne a gidanmu, domin malaman hadisi irin su Imamu Buhari ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadinta, sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin zamaninsu ya haɗu, kuma yaya adalarsa da kiyayewarsa. Ibn Haldun kuwa, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya ƙara da auna labari da ɗabi'ar zaman jama'a, a ga ko hankali zai karɓe shi.

Abin da ya sa na matsa muku shi ne, ku hujjarku ruwa ya ci rabinta. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi ya shafe gungaye da gonakin albasa da kushewu da tsohon garin Bussa, aka kwashe mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni; saboda haka a wuraren da ruwan ya ci ba ku da kufai da za ku je ku auna ganuwarsa, ba ku da kukar da za a nuna muku a ce nan aka yi sulhu, sai abin da ya saura a ƙirjin mutane. Wanda kuwa yake ɗan shekara 15 a lokacin tashin, yau ya haura 70.

Na taɓa zama da wani dattijo Bagunge a inuwar rumfarsa, yana ɗinkin koma, ina tambayarsa yadda kakanninsa suka zauna da Sarkin Yauri. Muddin mutumin hakimi da ya rako ni yana zaune, amsarsa gajera ce, da Hausa mai tsabta, kuma duk yabo ce. Da mutumin hakimin ya tashi zuwa sallar la'asar, sai dattijon ya ajiye allurar, ya juya ga jikansa ya yi magana mai tsawo da harshen Reshe, wadda jikan ya taƙaita mini cikin jimla biyu. Ranar na fahimci cewa wanda ya raka ka, da harshen da aka ba ka labari da shi, da amanar tafinta, duk suna cikin isnadi. Don haka ku nemi izinin mutum kafin ku naɗi muryarsa, ku naɗe ta da harshensa ko da ba ku ji, ku rubuta sunansa da na mahaifinsa da sana'arsa da gungun da aka haife shi da ranar zaman tun kafin ku kwanta, sannan ku kai tambayar nan ga Bakambare a Ngaski da Basarke mai su da kuma mutumin fada, ba tare da kun gaya wa ɗaya abin da ɗaya ya ce ba. Inda suka saɓa, kada ku yi gaggawar zaɓen wanda ya yi muku daɗi. Sau da yawa saɓanin nan shi ne ainihin mas'alar kundinku.

Kada kuma takarda ta ruɗe ku don kawai tsohuwa ce. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka sauka Yauri a 1830 suna neman takardun Mungo Park, baƙi ne masu bukata a ƙofar sarki, abin da aka nuna musu suka gani. P. G. Harris, wanda ya wallafa bayaninsa kan Yauri a 1930, ma'aikacin gwamnatin Turawa ne, kuma rahotannin da za ku tarar a Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna galibi an rubuta su ne domin haraji da shirya gundumomi. Ku karanta su da himma, ku rubuta lambar kowane fayil da shafinsa, amma ku yi musu tambayar da kuka yi wa dattijon: wa ya faɗa maka, kuma wa ke zaune lokacin da aka faɗa?

Misali na kusa yana gare ku. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da tarihin Yauri a ƙarni na 19 ya fara, a kundinsa na Zariya na 1968, shekarar da ruwan ya tashi. Sai da ya ƙware a kan ƙasa ɗaya da ƙarni ɗaya, kana ya bi sawun Hausawa har Gwanja a littafinsa na 1978. Ku ma ku ƙuntata mas'alarku: gungu ɗaya, ko kasuwa ɗaya, ko waƙoƙin masunta na gari ɗaya, ya ishi shekara biyu.

Idan Allah ya kai mu rani, hanyoyi suka bushe, ku fara da mafi tsufa a cikin waɗanda za ku gani, mata da maza. Abin da kuka naɗa kuwa ku yi masa kwafi biyu, ɗaya ku miƙa wa sashenku, ɗaya ku mayar wa iyalan mai muryar.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Yelwa