Amsoshin Tambayoyinku: Mai jiran jirgin ƙasa, me yake jira?

Tambaya: Ina gani a waya wasu Turawa suna yini a bakin layin dogon da ba kowa, don kawai jirgi ya wuce su ɗauke shi hoto. Mene ne daɗin abin? Kuma ni da ban taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, ina zan nufa? Daga wani matashi a Dungu, yankin Matameye.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan sha'awa tsohuwa ce. A Ingila, cikin 1942, wani ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai ɗauke da lambobin kawunan jirage, yara da manya suka riƙa zama a tasha suna yi wa duk wanda suka gani alama. A layi mai cunkoso littafin kan cika da wuri. A layin da ya yi shiru kuwa, jirgi ɗaya ne rabonka na yini, shi ya sa yake da daraja.

Ka san yadda manomi yake zura wa gabas ido idan hadari ya taso? To, haka mai jiran jirgi yake. Kunne ne ke fara samun labari: ƙarfen dogo ya soma wani siririn amo, can sai ƙaho daga nesa, sannan ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Kafin ka gama ƙirga taragu ya shige, shiru ya dawo. A ganina wannan shirun na bayansa ma wani abu ne.

Batun inda za ka je, Damagaram ba ta da dogo. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 yana kwance ba ya aiki. Sai dai ka tsallaka iyaka ta Ɗan Barto, ka bi Daura zuwa Kano, inda dogo ya iso tun 1911. Can ne gyaɗar kakanninka ta Matameye take hawa jirgi zuwa Ikko. Reshen Kano zuwa Nguru, na 1930, ya ratsa Ringim da Malam Madori, kuma shi ne ainihin layin shirun da kake tambaya, don jirgi ya yi ƙaranci a kansa ƙwarai. Tambayi shugaban tasha kafin ka shimfiɗa tabarma, ka kuma nemi izininsa kafin ka ɗaga waya, saboda jami'an tsaro. Don Allah kada ka zauna a kan ƙarfen, ko ka ɗora kunne a kai. Jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota. In kana son tabbas, je Rigasa a Kaduna, inda jirgin Abuja yake tashi tun 2016.

Layin da zai matso kusa da kai shi ne na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, Daura ce tasharka, ka yi sammako daga Dungu ka kwana a gida.