Filin Manoma: Motar Da Ke Yawan Shan Ruwa

Manoman rani na Auyo da Guri da Kirikasamma, da fatake masu kai shinkafa da tattasai Kano daga Haɗejiya, ga shawara. In bazara ta kama, sai ka ga direban tarakta ko na babbar mota yana ta ɗura ruwan kogi a lagireto. Wannan ba magani ba ne. Laka takan toshe lagireto, yoyon kuwa yana nan. Ran da inji ya ƙone, sai tattasai ya ruɓe a hanya.

Akwai wani ɗan famfon hannu mai agogo wanda makanikai ke neman yoyo da shi. In za ka saya, zaɓi mai kawuna iri-iri, domin bakin lagireto ba ɗaya ba ne.

To, ga yadda ake yi. Bari inji ya huce sarai, gama ruwan zafi yakan yi tsartuwa ya ƙona mutum. Cika ruwa, sa'an nan ka ɗaura famfon a gurbin murfi. Dubi lambar da ke bisa murfin, galibi 0.9 ko 1.1, watau ma'aunin bar. Buga iska har allura ta kai nan. Kada ta wuce, don kada tiyo ya fashe. Dakata minti 15. In allura ta sauka, akwai yoyo. Duba tiyo da famfon ruwa da jikin lagireto. In ba ka ga ɗigo ba, duba baƙin mai. In ya yi fari kamar madara, gasket ne, sai a kira bakanike.

Allah ya sa mu kwashe amfani lafiya, amin.