DARASI: YADDA ZA MU SA BATIRIN TOCILA YA DAƊE

Manufar darasi: mu san irin batirin da ke cikin tocilarmu, mu kuma koyi cajin da ya dace da shi.

A Illela da ƙauyukan kewaye tocila ba kayan ado ba ce. Da ita mai lambun albasa yake ban ruwa da asuba. Da ita makiyayi yake duba saniya mai naƙuda, ungozoma kuma take fita tsakar dare. Wanda tocilarsa ta mutu a hanyar fadama, ya taka kububuwa ko kunama, ya san abin da duhu ke jawowa. Duk da haka mutane da yawa sukan sayi tocila mai caji ran Lahadi a kasuwar Illela, ko ran Laraba a Ƙwanni, kafin 'yan watanni ta daina riƙe wuta. Sai a ce kayan ne marasa kyau. Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa riƙon da muke yi mata ne ya kashe ta.

1. BATIR IRI BIYU NE

Na fari shi ne batirin dalma, ƙanen batirin mota. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859. Tocila mai irinsa tana da nauyi, kuma galibi tana da ƙarafa biyu da ake turowa waje a cusa a soket.

Na biyu shi ne batirin litiyam, irin na wayar hannu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Tocilarsa ba ta da nauyi, galibi kuma da igiyar cajin waya ake ba ta wuta.

Ɗan'uwa, ɗauki tocilarka ka duba. Abincin doki dabam, na raƙumi dabam. Haka waɗannan biyu suke.

2. BATIRIN DALMA

Babban abin da ke kashe shi shi ne a bar shi babu wuta. Idan ya ƙare aka ajiye shi kwana da kwanaki, wani farin gishiri yakan taru a jikin dalmar ya taurare. Bayan haka ko an kwana ana caji ba zai ɗauki wuta sosai ba. Saboda haka:

(a) Da zarar haske ya fara dushewa, ka kashe tocilar. Kada ka jira ta mutu ɗungum.
(b) Ka yi mata caji a ranar, ko washegari in ya daɗe.
(c) Ka bar ta ta cika sosai, gwargwadon awoyin da aka rubuta a kwalinta, sa'an nan ka cire. Yawancin masu araha ba su da abin da ke yanke wuta idan sun cika. Barin su a soket kwana biyu ko uku yana busar da ruwan batirin.
(d) In za ka ajiye ta, ka ajiye ta cike, ka kuma ƙara mata wuta sau ɗaya kowane wata.

3. BATIRIN LITIYAM

Masu yin wannan batir sukan ce yana ɗaukar cikakken caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili. Bari mu yi lissafi da 400. Mai ƙarar da wutarsa kowace rana zai cinye 400 ɗin cikin wata 13. Mai ƙarar da ita sau ɗaya a kwana uku zai kai kwana 1,200, watau fiye da shekara uku, in zafi bai riga ya gama da batirin ba. Saboda haka:

(a) Ka yi amfani da ƙaramin haske a ɗaka da tsakar gida. Ka bar babban haske don gona da hanya.
(b) Ba laifi ka yi masa caji yana da saura. Maganar da ake yi cewa dole batir ya ƙare tukuna, ta wani tsohon batir ce mai suna nikel-kadmiyam. Ba ta shafi litiyam ba.
(c) Idan ya cika ka cire shi. Zama cike kullum, musamman cikin zafi, yana tsofar da shi.
(d) In za ka ajiye shi wata da watanni, ka bar shi da wajen rabin wuta.

Ka lura kuma a wajen saye. Batirin da aka fi sawa a irin wannan tocila sunansa 18650, domin kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Na ƙwarai ba ya wuce wajen 3,500mAh, nauyinsa kuma kimanin giram 45. In ka ga an rubuta 9,900mAh, ga shi kuma sakayau a hannu, ka ajiye wa mai shi kayansa. Araha ba ta ado.

4. ZAFI ABOKIN GABAN DUKA BIYUN NE

An auna ƙarfin batura a kan zafi digiri 25. Game da na dalma, masana sun ce duk ƙarin wajen digiri 10 a kan haka yana raba kwanansa biyu. A nan ƙasar Sakkwato kuwa, a watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka.

Kada ka rataye tocila kusa da rufin kwano, ko ka bar ta cikin mota a rufe, ko kusa da murhu. Wuri mai inuwa a ƙasa ya fi. In da sola kake caji, farantin ya sha rana, tocilar ta zauna a inuwa. In a shagon caji ne, ka roƙi mai shago kada ya jibge ta cikin tarin wayoyi masu zafi, ka kuma karɓo ta da ta cika. Ka yi caji da safe ko da yamma tun kafin bukata ta taso, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

5. IDAN BATIR YA MUTU

Batirin litiyam da ya kumbura, ko yake zafi ƙwarai lokacin caji, a daina amfani da shi nan take. Kada a huda shi, kada a jefa shi wuta, domin yana iya fashewa. Kada kuma a yi caji a kan katifa ko kusa da danga.

Na dalma kuwa guba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Waccan dalma daga dutsen zinariya ta fito wanda ake niƙawa a cikin gidaje, amma ita ce dai dalmar da ke cikin tocilarka. Kada yara su fasa batir su yi wasa da shi. Kada a zuba shi a juji, gama takin juji gona yake komawa. Kada a yar da shi kusa da rijiya. A tara matattun batura a gwangwani mai murfi inda hannun yaro ba ya kaiwa, a ba masu sayen tsofaffin batura ba tare da an fasa ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Ta yaya za ka gane tocila mai batirin dalma da mai litiyam?
2. Wanne ake ajiyewa cike, wanne kuma da rabin wuta?
3. A gidanka ina ne ya fi sanyi da za a riƙa ajiye tocila?
4. Ina matattun baturan unguwarku suke ƙarewa?

AIKI

Kowa ya zo taro mai zuwa da tocilarsa. Za a raba su kashi biyu bisa ga irin batirinsu. Kowa kuma ya rubuta ranar da ya saye ta a takarda ya manna a jikinta, domin baɗi war haka a ga ta wa ta fi daɗewa.